Sabis ya iso, amma wa ke hawa intanet?

Tambaya: Malam, kullum ana cewa wayar salula ta game ƙasashe masu tasowa, har ƙauyen da babu lantarki ba ka rasa mai waya. To ina tasirin talauci a nan? Shin da gaske ƙarfin aljihu ne ke hana mutane amfani da intanet da sauran hanyoyin sadarwa na zamani, ko dai rashin sabis ne da ƙarancin wayewa?

Amsa: Abin da ka gani gaskiya ne, waya ta game. Sai dai kalmar "mai waya" tana ɓoye abubuwa da yawa. Akwai mai layi babu waya, yana yawo da sim a naɗe cikin takarda, sai ya ari wayar wani ya saka. Akwai mai ƙaramar waya ta madannai, kira da filashin da tocila da rediyo. Akwai mai babbar waya wadda sau ɗaya ko biyu a mako take ganin data. Sannan akwai wanda datarsa ba ta yankewa. A ƙididdigar hukumomi dukansu layuka ne masu aiki, kuma tun da mutum ɗaya kan riƙe layi biyu ko uku, adadin layukan ya kan zarce adadin masu riƙe da su nesa ba kusa ba. Talauci bai cika hana mutum shiga ƙofa ba. Abin da yake yi shi ne ya tsayar da shi a mataki na farko ko na biyu, ya hana shi hawa.

Tarihin Najeriya ya isa misali. Kafin 2001, layukan tarho na girke da kamfanin gwamnati NITEL ke gudanarwa ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Ba wai jama'a ba sa son magana da 'yan'uwansu ba ne. Tarho na girke yana buƙatar a ja waya har ƙofar gida, yana buƙatar adireshi tsayayye, kuɗin ajiya, da takardar biya a ƙarshen kowane wata, wato an gina shi ne a kan mai albashi. A watan Janairun 2001 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula na GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. A farkon lamarin layi kaɗai ya kan kai naira dubu 20, kira kuma naira 50 a minti, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Don haka waya ta zama ta manya. Talaka ya shigo ne ta ƙarƙashin lema: mai sana'ar kira ya kafa tebur a bakin titi, ka biya kuɗin mintin da ka yi ka tafi. Da Globacom ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi ala tilas, farashin layi ya yi ta faɗuwa har ya koma kusan kyauta.

Abin lura a nan shi ne ba arziki jama'a suka yi ba tsakanin 2001 da 2010. Kayan ne aka gutsuttsura daidai da aljihunsu. Katin naira ɗari ya yi wa sadarwa abin da ƙullin man gyaɗa da ƙullin omo suka yi wa cefane. Wannan shi ne ginshiƙin amsar tambayarka: ba yawan abin da mutum ke samu kaɗai ke aiki ba, har da yadda samun ke zuwa. Ɗan acaɓa da ƙaramin ma'aikaci za su iya samun kuɗi ɗaya a wata, amma na ɗaya yana shigowa ne kullum kaɗan-kaɗan, hannu baka hannu ƙwarya, na ɗayan kuma a dunƙule. Duk fasahar da ke neman kuɗi a dunƙule, mai samun kullum zai daɗe bai taɓa ta ba.

Gutsuttsurawar kuma tana da nata haraji, kuma talaka ne ke biya. Ɗauki misali a ce kamfani na sayar da megabait 100 na kwana ɗaya a kan naira 100, yana kuma sayar da gigabait 10 na wata a kan naira 4,500. Mai sayen na kullum, kafin ya haɗa gigabait ɗaya ya kashe kusan naira 1,000. Mai sayen na wata naira 450 ya biya a kan gigabait ɗin. Ninki biyu da ɗoriya ke nan, a kan kaya iri ɗaya. Ƙari a kan haka, na kullum yana mutuwa bayan awa 24 ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, idan kuma ya ƙare ba a lura ba, wasu tsare-tsaren kan koma cin kuɗin kati a farashi mai tsada. Mutanen da ake cewa "ba su yarda da intanet ba" da yawansu wannan ne ya taɓa ƙona su: suka kunna data sau ɗaya, katin kira ya ɓace, suka kashe ta har abada.

Akwai ma'aunin da hukumomin duniya ke amfani da shi, wanda kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan intanet mai sauri ya tsayar a 2018: kada ƙaramin tsarin data ya wuce kashi 2 cikin 100 na matsakaicin samun mutum a wata. Ma'aunin na da amfani wajen kwatanta ƙasa da ƙasa, amma matsakaici mayaudari ne a inda tazarar mai shi da marar shi ke da faɗi. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Najeriya, naira dubu 70 tun 2024, kashi 2 nasa naira 1,400 ne. Matar da ke ƙauye tana samun naira dubu 20 a wata daga ƙuli-ƙuli, nata naira 400 ne. Ƙasa za ta iya cika ma'aunin a takarda alhali rabin mutanenta suna waje.

Duk da haka, a ganina, ba data ce babbar katanga ba. Wayar ce kanta. Data ana iya sayenta a ƙulle-ƙulle, waya kuwa ba a sayen rabinta. Binciken ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta GSMA ya daɗe yana nuna cewa tsadar waya na sahun gaba cikin dalilan da mutane ke bayarwa na rashin hawa intanet. Kuma kusan duk wayoyin nan da dala ake shigo da su. Wayar dala 50, a lokacin da dala take wajen naira 750 a kasuwar bayan fage a farkon 2023, naira 37,500 ce kafin kuɗin fito da ribar ɗan kasuwa. Da dala ta haura 1,500 a 2024, wayar nan dai, ba a ƙara mata ko maɓalli ba, ta koma naira dubu 75, fiye da albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. Ka shiga kasuwar waya irin Farm Centre a Kano za ka ga sakamakon a fili: layin masu gyara da masu sayar da na hannu ya fi na masu sabuwa cika. Nijar ba ta sha irin wannan girgizar ba saboda sefa a ɗaure take da yuro, amma samun jama'a ya fi ƙanƙanta, kuma ƙasar ba ta da gaɓar teku, kaya sai sun ratso ƙasar wani.

Kamfanin Transsion na China, mai Tecno da itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne don ya karanta aljihun nan da kyau: gurbin layi biyu, saboda mutane na sauya layi don bin kira mai arha da inda sabis ya fi ƙarfi, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fito da baƙar fata, farashi ƙasa. Amma arha ba ta ado. Babbar waya mafi arha ta kan zo da ram na gigabait 1 ko 2 da ma'ajiya ta gigabait 16 ko 32, wadda tsarin wayar da manhajojin da suka zo da ita sun riga sun cinye kaso mai yawa. Wata shida ana zuba hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp, sai ta cika ta fara sanƙarewa. Manhajoji na ƙara nauyi da kowace sabuntawa, manhajar banki ta daina buɗewa a tsohon Android, sabuntawar kanta kuma tana shan data a ɓoye idan ba a kashe ta ba. Gilashi ya fashe, kuɗin canji ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wayar. A nan ne mutane da yawa ke komawa baya zuwa ƙaramar waya, kuma babu ƙididdigar da ke kama su, domin layinsu na nan yana aiki.

An gwada gutsuttsura wayar ma. A Kenya, kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar da tsarin Lipa Mdogo Mdogo a 2020, inda ake ba da ɗan kafin alƙalami a riƙa biyan shilin 20 a kullum. Kamfanin M-KOPA na yin makamancin haka a ƙasashe da dama har da Najeriya da Ghana. Yadda yake aiki: ana saka wa wayar manhajar kullewa, ranar da ba ka biya ba ta rufe, ka biya ta buɗe, idan ka kammala ta zama taka. Ya shigar da mutane da yawa, amma a yi lissafi kafin a sa hannu, domin jimillar abin da za a biya ta fi farashin kasuwa sosai, kuma ranar da aka fi buƙatar waya, ranar rashin lafiya ko karyewar jari, ita ce ranar da ba a iya biya ba.

Sai caji, wanda masu tsara manufofi daga ofis kan manta da shi. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. A Najeriya mutane fiye da miliyan 80 ba su da shi. Ƙaramar waya kan kwana uku ko huɗu da caji ɗaya, babba kuwa kullum sai ta ci. Idan mai shagon caji na karɓar naira 100, mai babbar waya zai kashe wajen naira 3,000 a wata, mai ƙarama bai wuce 1,000 ba. Ga kuma awannin da wayar ke kwance a shago, ga hatsarin musayar batir, ga wutar janareta mai hawa da sauka tana kashe gurbin caji. Manomin da ya zaɓi ƙaramar waya ba duhun kai ne ya sa shi ba, lissafi ya yi.

Game da rashin sabis da ka ambata, matsala ce ta gaske, amma ita ma tushenta kuɗi ne, kuma ta fi ƙanƙanta a kan yadda ake zato. Alƙaluman GSMA na shekarun nan sun nuna cewa a Afirka kudu da Sahara waɗanda sabis ɗin intanet bai kai gare su ba ba su wuce kashi 13 ko makamancin haka ba, yayin da kusan kashi 60 ke zaune a inda sabis yake amma ba sa hawa. Inda babu sabis kuma, kamfani lissafi ya yi. Turken sabis a ƙauye ya fi na birni tsadar gudanarwa: babu lantarki sai janareta da man dizal dare da rana, ko sola da batura waɗanda ɓarayi ke hari, sai mai gadi, sai haɗa shi da babban layi. Mutanen da ke ƙarƙashinsa kuma ba su da yawa, kowannensu ɗan abin da yake kashewa a wata kaɗan ne. Idan kuɗin shiga bai rufe na dizal ba, ba za a kafa ba, ko a kafa na 2G a tsaya nan. Shimfiɗa igiyar fayiba ma haka: a Najeriya majalisar tattalin arziki ta ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin tona, amma jihohi da dama suka riƙa karɓar dubbai, abin da ya sa igiyar da ta sauka a Legas daga teku ta daɗe ba ta ratsa cikin ƙasa yadda ya kamata ba. Don cike wannan giɓin ne dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF, na tallafa wa kai sabis inda kamfanoni ba sa zuwa. Rashin tsaro ya ƙara nasa: a watan Satumban 2021 an katse sabis gaba ɗaya a Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita.

Shi ya sa nake ganin gwamnatin da ke auna ci gabanta da 5G tana auna abin da bai shafi yawancin mutanenta ba. A gwanjon lasisin 5G na Najeriya a Disambar 2021, MTN da Mafab sun biya dala miliyan 273.6 kowanne a kan zangon 3.5 gigahaz, zangon da ba ya tafiya da nisa, dole sai an jera turaku kusa-kusa, wato na unguwannin masu hali ne a manyan birane. Ƙauye ƙananan zanguna yake buƙata, irin 700 zuwa 900 megahaz, masu cin dogon zango da turke ɗaya.

To amma kada a ɗauka talaka ba ya kashe kuɗi a kan fasaha. Yana kashewa da sauri idan ya ga za ta dawo masa da kuɗin. Masanin tattalin arziki Robert Jensen ya bi masunta a jihar Kerala ta Indiya tsakanin 1997 da 2001, lokacin da sabis ke isa gaɓar tekunsu. Da can masunci kan kai kifinsa kasuwar garinsu, idan ta cika ya zubar. Da waya ta zo, tun yana kan ruwa yake kiran dillalai ya ji inda ake nema. Zubar da kifi ya kusa ƙarewa, ribar masunta ta ƙaru da kusan kashi 8, farashin da mai saye ke biya ya sauka da kusan kashi 4. A Nijar, Jenny Aker ta duba kasuwannin hatsi tsakanin 2001 da 2006, ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 bayan zuwan waya, kuma tasirin ya fi ƙarfi a kasuwannin da ke nesa da juna ko hanyarsu ba ta da kyau. A lura dai, fatake ne suka fara cin wannan moriyar, masu jari da mota. Manomin da ya ci bashi tun da damina, ko ya ji gero ya fi tsada a Maraɗi, ba shi da kuɗin motar kaiwa, mai bin sa bashi kuma yana tsaye a bakin gona. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta waya da Safaricom ta fara a Kenya a watan Maris na 2007, ta bazu ne saboda ba ta nemi babbar waya ko data ba. A ƙaramar waya take aiki, ga wakilai a kowane lungu, kuma ta magance wata damuwa ta gaske, aika kuɗi gida ba tare da an damƙa wa direba ba. A Najeriya ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya yi wannan aikin da ƙarfin tsiya: mai shayi da mai kayan miya suka buɗe asusun OPay ko Moniepoint ko PalmPay cikin 'yan makonni, domin in ba ka karɓar tiransifa, ba ciniki. Su ne mutanen da aka daɗe ana cewa ba su waye ba.

Batun wayewa yana da gaskiyarsa ta fuskar karatu. Wanda ba ya karanta boko, kuma yawancin abin da ke intanet ba da harshensa yake ba, amfanin da zai samu kaɗan ne, don haka ba zai ga dalilin biyan kuɗin ba. Saƙon murya na WhatsApp ya rage wannan sosai, kuma yana da arha, minti ɗaya ba ya cin ko rabin megabait, alhali awa ɗaya ta bidiyo kan lashe ɗaruruwa. Wannan tazarar ce ta raya sana'ar masu turi: a kai mimori a cika shi da finafinai da wa'azi da karatu a kan ɗan kuɗi kaɗan, sannan a yi ta rabawa daga waya zuwa waya ta manhajar Xender ba tare da data ba. A cikin gida kuma, tambayar ita ce wa ke riƙe da kuɗin. Idan waya ɗaya gida zai iya saya, a hannun maigida take zama. GSMA ta kiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya mata na bayan maza da wajen kashi 30 wajen hawa intanet ta waya. Al'ada na ciki, amma inda mace ke da sana'arta, tazarar kan ragu. Tun 1997 aka ga haka a Bangladesh, lokacin da bankin Grameen ya riƙa bai wa matan ƙauye bashin sayen waya suna sayar da kira.

Manufar gwamnati na iya ɗaga mutane mataki ɗaya ko ta sauko da su. A Indiya, shigowar Jio, wani sabon kamfanin sadarwa, a watan Satumban 2016 da data kyauta na watanni ya tilasta wa sauran kamfanoni rage farashi, kuɗin gigabait ya faɗo da fiye da kashi 90 cikin 'yan shekaru, a 2017 kuma ta fito da JioPhone, ƙaramar waya mai 4G da ake karɓa da ajiyar rupee 1,500, kuɗin Indiya. Habasha, inda kamfanin gwamnati ya kasance shi kaɗai har zuwa shigowar Safaricom a 2022, ta daɗe a baya. Uganda ta saka harajin shilin 200 a kullum a kan shafukan sada zumunta a watan Yulin 2018. Masu hali suka biya ko suka zagaye, marasa hali suka sauka, adadin masu hawa intanet ya ragu, a 2021 aka maye gurbinsa da harajin kashi 12 a kan data. Ghana ta ɗora kashi 1.5 a kan aika kuɗi ta waya a 2022, ta rage zuwa kashi 1 a 2023, ta soke a 2025. Haraji mai adadi ɗaya ga kowa, irin na Uganda, shi ya fi muni, domin shilin 200 ba komai ba ne a wajen mai albashi, amma a wajen mai talla kuɗin kumallo ne. Ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data da NCC ta amince wa kamfanoni a watan Janairun 2025 yana da hujjarsa, dizal da kayan aikinsu da dala ake saye, amma wanda ke matakin ƙasa shi ya fara rage hawa.

Idan bincike kake yi ko kana tsara wani shiri na manoma ko asibiti ko makaranta, kada ka tambayi mutane "kana da waya?" Tambayi wace iri ce, ta wa ce, kuma a hannun wa take kwana. Tambayi yaushe ne ƙarshen sayen data da kuma ta nawa. Sannan ka haɗa kuɗin riƙe wayar na wata: raba farashinta da watannin da za ta yi, a ce 24, ka ƙara data, kati, caji da ɗan tanadin gyara. Wayar naira dubu 75 ta ba da kusan 3,100 a wata. Ƙara data ta 3,000, caji 3,000, kati 1,500, gyara 1,000, ka tashi da kusan naira 11,600. Ga mai samun dubu 70, kashi ɗaya cikin shida ne na samunsa. Ga mai samun dubu 30, ya haura kashi ɗaya cikin uku, kuma shi shirin da zai kai gare shi sai wanda ke tafiya ta kiran murya, gajeren saƙo, lambobin tauraro da ake dannawa a ƙaramar waya, rediyo, ko wakili ɗaya a gari mai babbar waya da sola.